Sauya Ki Ba Tare da Tuntuɓe Ba: Abin da Ke Cikin Waƙar Penny Lane

Wani yaro da nake koya wa fiyano ne ya jawo wannan rubutu. Yana da kunne, hannunsa ma ya fara faɗawa, amma akwai abu guda da ya ƙi masa. Duk sanda waƙa ta zo amshin ƙarshe yana so ta ƙara armashi, sai ya miƙa yatsa kan maɓallin ɗaga ki (wato ɗaga sautin kiɗan gaba ɗaya zuwa sama) da ke jikin fiyanonsa ƙirar Yamaha, ya danna sau biyu, ya ci gaba da kiɗa a inda hannunsa yake. Rannan muna gwaji da wata mawaƙiya sai ya yi hakan. Ta buɗe baki za ta shiga amshi, muryarta ta sauka a tsohon wuri, kiɗa kuwa ya riga ya yi gaba. Ta tsaya, ta zare abin jin sauti daga kunnenta, ta dube ni ta ce, "Malam, ni fa na ɓata. Ban san inda zan ɗora muryata ba."

Yaron bai ji daɗi ba. Bayan ta tafi ya ce mini, "Malam, ai lissafina daidai ne. Rabin mataki biyu aka ce, shi na ɗaga." (Rabin mataki shi ne tazarar maɓallin fiyano da wanda ke manne da shi.) Na ce masa, "Lissafinka daidai ne, ƙanena, sallama ce ba ka yi ba. Ka ɗauki baiwar Allah daga gidanta ka dire ta a wani gida, ba ta ga ƙofar da aka bi ba." Sai na jawo kujera kusa da tasa, na kunna masa wata tsohuwar waƙar Turawa wadda ban san inda aka yi wannan aiki da tsabta kamar cikinta ba. Muka yini a kanta.

Waƙar ita ce Penny Lane ta ƙungiyar Beatles, 'yan birnin Liverpool na Ingila. Paul McCartney, ɗaya daga cikinsu, shi ne ya tsara mafi yawanta yana da shekara 24, kuma mutum ne da bai koyi karanta rubutun kiɗa ba, da kunne da yatsu yake aikinsa. An fara ɗaukarta ranar 29 ga Disamba 1966 a ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke titin Abbey Road a Landan, George Martin na jagorantar aikin, aka ci gaba har cikin Janairu, ta fito kasuwa a Fabrairun 1967. A jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, a Amurka ta kai ta ɗaya, a Ingila ta tsaya a ta biyu. Sunan wani titi ne a kudancin Liverpool, wajen da motocin bas ke juyawa, unguwar da McCartney da abokin waƙarsa John Lennon suka sani tun suna yara. Baitocin suna zayyana mutanen wurin ɗaya bayan ɗaya, ga wanzami da hotuna a shagonsa, ga ma'aikacin banki da motarsa, ga ɗan kwana-kwana, ga wata ma'aikaciyar jinya tana sayar da furanni. Amshin kuwa sai ya bar titi ya koma cikin ran mawaƙin, yana faɗin yadda wurin ya zauna masa a ido da kunne. Wannan rabon aiki tsakanin baiti da amshi yana da alaƙa da kiɗan, zan dawo kansa.

Tsawonta minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi. Na bar yaron ya saurare ta sau biyu, sannan na tambaye shi ki nawa ya ji. Ya ce ɗaya. Alhali a cikin wannan ɗan lokaci waƙar ta bar ki ɗinta sau uku, ta dawo sau uku. Yaron da ke iya kama kod da kunne daga rediyo, an fita da shi an dawo da shi sau shida bai ji motsi ba.

Ga wanda bai saba da maganar ba, ki shi ne gidan waƙa: sautuka bakwai ɗin nan da ake rerawa do, re, mi, fa, so, la, ti, inda do ya zama wurin da kunne ke hutawa. Kod kuma sautuka uku ne ko huɗu da ake dannawa tare. Kowane ki yana da kod bakwai nasa, ana ƙirga su daga gida. Na ɗaya shi ne gida. Na biyar shi ne mai tura kunne gida, musamman in an ƙara masa sauti na huɗu da makaɗa ke kira bakwai. Da ka ji shi, ranka ya riga ya san abin da zai biyo baya. Kiɗanmu na gargajiya, irin na kalangu da goge da gurmi da kukuma, ba a kan jerin kod aka gina shi ba. Ƙarfinsa yana cikin bugu da karin murya da ba-ni-in-ba-ka tsakanin mawaƙi da 'yan amshi. Amma tunda fiyano ya zama uwa da makarɓiya a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da sauran garuruwa, mun gaji kod, mun kuma gaji matsalolinsa, ciki har da wannan ta sauya gida.

Da haruffan A zuwa G ake kiran sautukan fiyano, kuma ki ko kod yana iya zama mejo, mai haske a kunne, ko maino, mai ɗan duhu. Baitocin Penny Lane suna ki ɗin B mejo. Amshin yana A mejo, wato cikakken mataki guda a ƙasa. Na sa yaron ya rubuta sautukan kowanne a takarda, ɗaya a saman ɗaya. Na B su ne B, C#, D#, E, F#, G#, A#, alamar # kuwa shaf ake karanta ta, wato an ɗaga sautin rabin mataki. Na A su ne A, B, C#, D, E, F#, G#. Ya duba ya ga biyar iri ɗaya ne. Biyu kawai suka saɓa: inda B ke da D# da A#, shi A yana da D da A farare. Na ce masa ya zagaye waɗannan biyun da biro, domin duk dabarar waƙar a kansu ta tattara: yaushe aka shigo da D da A, yaushe aka sallame su.

Sannan muka jera kod ɗin gidajen biyu, muka nemi waɗanda ke zaune a duka. Biyu muka samu, C# maino da E mejo. Shi E ɗin nan, a gidan B kod na huɗu ne, mai sanyin hali, ba ya tura kowa ko'ina. A gidan A kuwa shi ne na biyar, mai tura kunne gida. Irinsa nake kira kod mai gida biyu. Kamar zaure ne mai ƙofa biyu, ka shiga ta wannan unguwa ka fita ta waccan.

Akwai abin da ya ba yaron mamaki a nan, kuma ina ganin yana rikita makaɗa da yawa. Kusancin ki da ki ba a jikin fiyano ake auna shi ba. C da C# suna manne da juna, yatsa ɗaya na iya taɓa su tare, amma ko kod ɗaya ba su haɗa ba. C da G kuwa, da ke da tazarar sautuka biyar, kod huɗu suka haɗa: C, E maino, G da A maino. Su ne maƙwabta na katanga ɗaya. In ka bi wannan lissafi, maƙwabcin B shi ne E, maƙwabcin E kuma shi ne A. Ke nan tsakanin B da A gida ɗaya ne, kuma gidan E ne. McCartney bai tsallaka katanga ba, ta gidan tsakiya ya ratsa.

Littattafan koyon kiɗa galibi a nan suke tsayawa: nemo kod mai gida biyu, ka taka shi, ka wuce. Ni kuwa a ganina, a wannan waƙar, E ƙaramin kaso na aikin ya yi. Babban aikin an gama shi tun kafin a iso gare shi.

Kowane baiti gaɓa takwas ne, kowace gaɓa bugu huɗu. Gaɓoɓi uku na farko babu abin ɓoyo a cikinsu. Kod ɗin B ne, bas, wato sautin da ke can ƙasan kiɗa, yana saukowa da ƙafa ɗai-ɗai daga B zuwa A#, G#, F#, sai C# maino, sai F# mai bakwai, sai a koma B. Ɗaya, biyu, biyar, ɗaya, hanyar da kowane mai koyo ya sani. An kafa gida daram. A gaɓa ta huɗu ne abin ya faru. Na ce wa yaron ya ɗora hannun dama a kan B, D#, F#. Sannan na kama yatsansa na tsakiya na zame shi daga baƙin maɓallin D# zuwa farin D da ke gefensa. Tazarar ba ta kai faɗin farce biyu ba, amma ɗakin gaba ɗaya sai ya yi kamar hadari ya rufe rana. Kod ya zama B maino. Na ce ya ƙara A a sama, ya zama B maino mai bakwai: B, D, F#, A. Sai na tura masa takardar nan da ya zagaye da biro. Ya dubi takarda, ya dubi yatsunsa. D da A. Sautuka biyun da suka raba gidajen, ga su nan duka a cikin kod ɗaya, gaɓa huɗu cur kafin a taka E, kuma har yanzu bas yana kan B, saboda haka kunne bai ji an bar gida ba. Ya ɗauka yanayi ne kawai ya ɗan sauya.

Abin da ya biyo baya ya fi komai burge ni, don sauƙinsa. Hannun dama yana iya zama a kan B, D, F# bai motsa ba har gaɓa uku. Hannun hagu ne ke tafiya. Ya sauka G#, kod ya zama wani mai ɗan ɗaci wanda shi ne na bakwai a gidan A, wato tuni an saka ƙafa ɗaya a can. Ya ƙara sauka rabin mataki zuwa G, kod ya zama G mejo mai bakwai, mai laushi kamar auduga. Ya ƙara sauka rabin mataki zuwa F#. A duk wannan tafiya D fari yana nan yana ta ƙara a kunne, gaɓa uku a jere, har kunne ya daina ɗaukarsa baƙo. A kan F# ɗin sai aka ɗan rataye kod, aka riƙe B a ciki na ɗan lokaci kafin a sake shi ya sauka A#. Ga mu a kod na biyar na gidan B, mai tura kunne gida.

A baiti na farko, alƙawarin ya cika. F# mai bakwai ya tura, B ya amsa, baiti na biyu ya fara. Wannan ma dabara ce, kuma ba a cika kula da ita ba. An bi da mai sauraro ta cikin duhun nan sau ɗaya an dawo da shi gida lafiya, don ya saki jiki. A baiti na biyu aka sake bin hanya ɗaya sak, har zuwa F# mai bakwai. Kunne ya miƙa hannu zai karɓi B. Sai bas, wanda tun ɗazu yake gangarowa G#, G, F#, ya ƙara taku ɗaya a hanyar da yake kai, ya sauka E. Ba wani tsalle, ci gaban gangara ne kawai. Sautin E ma yana cikin kod ɗin F# mai bakwai tun farko, saboda haka yatsa ɗaya ya zauna a wurinsa, sauran suka gyara zama a kewayensa. A# ya ɓace daga nan, ba a sake jinsa ba sai ƙarshen amshi.

A daidai lokacin da E ya sauka, kunne yana jinsa a matsayin na huɗu a gidan B. Kafin gaɓar ta ƙare, ya fara jinsa yana turawa. Da A ya buɗe amshi, sai kunne ya waiwaya ya ce ashe na biyar ne. Wannan sake fassara da kunne ke yi bayan abu ya wuce, shi ne sirrin kod mai gida biyu, kuma ba ya yiwuwa sai in sabon gidan ya riga ya zama sananne.

Don yaron ya tabbatar da kansa, muka yi gwaji. Na ce ya cire gaɓoɓin nan uku masu duhu, ya cike gurbinsu da kod ɗin gidan B zalla, G# maino da E da makamantansu, sannan ya bi F# mai bakwai, E, A kamar yadda waƙar ta yi. A takarda komai daidai, zauren yana nan, ƙofa biyu a buɗe. Ya buga. A ya shigo, ba a ce ya yi muni ba, amma an ji shigowarsa. Da aka iso kod ɗin D a gaɓa ta uku ta amshi kuwa, sai ya yi wani tsaye a kunne kamar tsakuwa a shinkafa. Muka mayar da gaɓoɓin, ya sake bugawa. D ɗin nan dai, yatsu ɗaya, wuri ɗaya, ya zauna lafiya lau. Ya cire hannu daga fiyano ya ce, "Malam, ashe tun a baiti aka gama cinikin."

Wani abu kuma da ke ɓoye ɗinkin shi ne muryar. Ki ya sauka mataki guda, amma karin waƙar a amshi ya hau sama da inda yake a baiti, ga kayan busa sun shigo sun buɗe sararin. Mai sauraro yana jin an ɗaga shi, alhali ƙasan da yake tsaye a kai sauka ya yi. Abu biyu suna jan juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ya sa amshin yake da haske amma da wani ɗan nisa a ciki, kamar abin da ake tunowa. Kuma abin da kalmomin ke yi ke nan: baiti yana kan titi, amshi yana cikin tunani. Kowanne an ba shi gidansa.

Ƙaramin ƙahon nan mai siririyar murya da ke busa a tsakiyar waƙar, David Mason ne ya busa shi ranar 17 ga Janairu 1967, bayan McCartney ya ga irinsa a talabijin ɗin BBC ana kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Mutane sun fi tuna waƙar da shi. Abin da ya shafe mu shi ne, a kan kod ɗin baiti yake busawa, ya bi ta duhun nan, ya sauka a kan E, ya miƙa wa amshi na biyu. Hanyar tana aiki ko da murya ko babu.

Dawowa gida kuma wata hanya aka bi daban, gajeriya. Amshin ma gaɓa takwas ne: A, sai A da C# a bas, sai D, a maimaita, har a tsaya kan D a gaɓa ta bakwai. A ta takwas sai F# mai bakwai ya faɗo. Wannan kod ba ɗan gidan A ba ne, domin na shida a gidan A maino ne. Babu zaure a nan. Amma dubi yatsu. D shi ne D, F#, A. Don ka koma F# mai bakwai, F# yana zaune a wurinsa, A ya hau rabin mataki ya zama A#, D ya sauka rabin mataki ya zama C#, a ƙara E. Sautuka biyun nan da aka zagaye da biro, D da A, a bugu ɗaya aka sallame su, kowanne da taku mafi ƙanƙanta da fiyano ke da shi. Gaɓa ɗaya tal, an dawo B.

Yaron ya tambaye ni me ya sa fita ta ci gaɓa biyar, dawowa ta ci ɗaya. Amsar da na ba shi ita ce kunne yana da tunani. Gaɓa goma sha shida ya yi a gidan B kafin ya fita, kuma ya ji F# mai bakwai yana kai shi B tun a gaɓa ta biyu ta waƙar. Da ya sake jin wannan kod, ya san ƙofar gidansu ce. Wanda zai je baƙon wuri shi ke neman rakiya.

Sai amshin ƙarshe, wanda shi ne ainihin abin da ya haɗa mu da yaron. Makaɗan Turawa suna da suna ga ɗabi'ar ɗaga ki kwatsam a ƙarshen waƙa, suna ce mata canjin giyar direban babbar mota, saboda ana jin ƙarar shigarta. Penny Lane ma ta ɗaga amshin ƙarshe da cikakken mataki, daidai abin da yaron ke yi da maɓallinsa. Amshi na uku ya ƙare a A, F# mai bakwai ya faɗo kamar yadda ya saba sau biyu a baya, kunne ya shirya jin sabon baiti a B. Sai aka ba shi B ɗin, amma amshi aka sake rerawa a cikinsa. Ga ɗagawa ta samu, murya ta hau, jini ya motsa, kuma babu wanda aka jefa a baƙon wuri, domin inda aka ɗaga zuwa shi ne gidan da waƙar ta fara. Saukar da aka yi ta yi sau uku, ashe wuri ake tanadar wa wannan hawan. Titi da tunani, da suka yini a gidaje biyu, sun kwana a gida ɗaya. Na saurari wannan wuri ban san adadi ba, har yau in ya zo sai tsigar jikina ta tashi.

Ki ɗin B yana da baƙaƙen maɓallai biyar, yana wahalar da mai koyo, saboda haka na mayar wa yaron da tsarin gaba ɗaya zuwa D da C don ya yi ta maimaitawa a gida. Baiti a D. A gaɓa ta huɗu D maino mai bakwai, wanda ke shigo da F da C farare. Hannun dama ya zauna kan D, F, A, bas ya gangara B, B filat (rabin mataki ƙasa da B), A. Sai A mai bakwai, sai G, wanda shi ne na huɗu a D kuma na biyar a C, sai amshi a C, duka a fararen maɓallai. Dawowa kuma daga F zuwa A mai bakwai zuwa D. Duk mai fiyano a gabansa zai iya gwada wannan cikin minti biyar, kuma yatsunsa za su gaya masa abin da nake ta ƙoƙarin faɗa da baki.

Saura waƙar mawaƙiyarmu. Ita tata a C take daga farko har ƙarshe, ana so amshin ƙarshe ya hau D. Ba mu da gatan da McCartney ya yi wa kansa na mayar da hawan ya zama dawowa gida, domin tsarin waƙar ya riga ya zauna, ba mai rushe shi. Amma sauran darasin yana nan. Na ce yaron ya sake ɗaukar takarda. Sautukan da D ke da su C ba shi da su biyu ne, F# da C#. Kod ɗin da suka haɗa biyu ne, E maino da G. Ya zaɓi E maino, wanda yake na uku a C, na biyu a D, don daga shi sai A mai bakwai sai D, wato biyu, biyar, ɗaya a sabon gida. Zaure ya samu.

Shirin kunne shi ya ɗauke mu lokaci. A cikin baitocin akwai wurin da kiɗa ke zuwa D maino. Muka sa A mai bakwai a gabansa, ɗan bugu biyu kawai, ya shigo da C# tun a baiti na farko, kuma kunne ya koyi cewa wannan kod D yake kaiwa. Akwai kuma wurin da ake zuwa G, muka sa D mai bakwai a gabansa, F# ya samu shiga. Karin waƙar ba mu taɓa shi ba ko kaɗan. Wanda ya san waƙar a da, in ya ji ta yanzu zai ce dai kiɗan ya ɗan ƙara daɗi, ba zai san an dasa masa wani abu ba. Da aka zo ƙarshe, A mai bakwai ɗin da sau uku yana kai kunne D maino, wannan karon sai ya kai shi D mejo.

Abu na ƙarshe na mawaƙiyar ne ita kanta. Amshinta da sautin so yake farawa, wanda a sabon gida shi ne A. Na ce wa yaron a gaɓar ƙarshe kafin ta shiga, ya juya kod ɗin yadda A zai zama a can sama ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsansa, ya ɗan ƙara masa nauyi, ya riƙe shi bugu biyu. Makaɗi yana iya miƙa wa mawaƙi sautinsa a hannu ba tare da kowa a ɗakin ya lura ba.

Da ta dawo bayan kwana uku ba mu gaya mata komai ba, muka ce a ɗauka daga farko. Baiti ya wuce, amshi ya wuce, aka zo wurin. Ina kallon hannun yaron, E maino, A mai bakwai, ɗan yatsa ya danne A. Ta ja numfashi ta shiga a kansa daidai, idonta a rufe, ta kai amshin har ƙarshe. Da kiɗa ya tsaya ta ce, "Malam, wannan karon ba ku ɗaga ba ko?" Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce mata an ɗaga, Hajiya, mataki guda cur.

Sai dai ta ce sautin da ya fi tsawo a amshin ya ɗan matse mata maƙogwaro, tana jin in aka maimaita sau uku muryar za ta gaji. Muka duba, gaskiyarta ne, ya kai bakin iyakarta. Na ce wa yaron to yanzu kai hannu kan maɓallin naka. Ya danna shi sau biyu zuwa ƙasa tun kafin a fara, waƙar gaba ɗaya ta sauka, baiti ya koma B filat, amshin ƙarshe ya koma C, yatsunsa kuma suna bin hanyar da suka riga suka koya. A ɗauka ta biyu muka gama.